Tsaga a Bakan Gidan Wasan Sabrata

Zuwa ga matata Arishat,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Inna da ciwon ƙafarta.

Ba zan zo Oya bikin girbi ba. Gidan wasan da muke ginawa a nan Sabrata ya kusa kammaluwa, ginshiƙan bangon dandamali hawa uku duk sun tsaya. Amma shekaranjiya na ga tsaga a bakan dutse, wato ginin nan mai lanƙwasa da ke ɗauke da kujerun sama, inda mata ke zama. Yatsana ya shige ciki. Na nuna wa Filon, Bagirken da ya zana ginin, ya ce in shafe ta da farar ƙasa, saura kwana tara a buɗe. Ban shafe ba tukuna. Kada ki gaya wa Inna.

Mijinki,
Iddibal

Arishat tawa,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyar gida.

Jiya na tare Filon a tsakiyar dandamali, na ce masa a hankali ba da hannuna za a rufe tsagar nan ba. Ya yi dariya ya ce, "Kai mai sassaƙa, yaushe ka fara koya wa Bagirke gini?" Mun manta inda muke tsaye. Rufus, attajirin da ya sa a yi ginin, yana can layin ƙarshe yana duba kujeru, kuma ko raɗa aka yi a dandamali tana kaiwa can. Ya ji komai.

Ya sa a jibga buhunan yashi nauyin mutum ɗari uku a kan bakan har kwana uku. In bakan ya tsaya, bulala ce rabona a bainar jama'a, kuma na bar sana'a ke nan.

Naki,
Iddibal

Arishat,

Gaisuwa, da fatan hankalinki zai kwanta.

Bakan ya rushe a rana ta biyu da hantsi. Ba wanda ya ji rauni. Filon ya bi jirgin ruwa kafin yamma, Rufus kuma ya damƙa mini sake ginin.

Ma'aikata sai taya ni murna suke, ni kuwa na koma bayan dandamali na yi kuka. Duk dutsen da ke bakan nan ni na sassaƙa shi na ɗora, Arishat, shekara biyu cur. Ga shi na yi kwana biyu ina roƙon alloli su kayar da shi.

Ki taho da jirgin farko. Ina son in ga fuskarki.

Mijinki mai kewarki,
Iddibal