Takalmin Ƙafar Hagu

Asabar, 4 ga Mayu

Yau na sa takalmi sau-ciki a ƙafata ta hagu. Bari in sake rubutawa in gani da idona: sau-ciki, a ƙafar hagu.

Tun ranar da amalanke ta bi ta kanta ina saurayi ƙafar nan ta karkace, ba ta san komai ba sai silifa, shi ma sai na yanke gefe. Jikata ce ta ɗinka, 'yar babban ɗana, wadda nake ce wa Amarya. Ta gama koyon ɗinkin takalmi wajen wata mata mai shago. Ashe ran da ta sa na taka kwali ta zagaye ƙafar da biro ba wasa take ba. Katako ta sassaƙa daidai karkacewar, ta ja fata a kai. Baƙi ne, mai igiya. Ko'ina bai matse ni ba.

Na yi ta zagaya tsakar gida har matata Tsohuwa ta ce zan cinye tafin kafin la'asar. Amarya ta ce, "Bar shi, Kaka, ango ne." Allah ya yi wa yarinyar nan albarka.

Litinin, 6 ga Mayu

Na je wajen Akawu, na ɗora ƙafar a kan benci yadda duk mai wucewa zai gani. Abokina ne tun yana aikin ofis ina gyara masa keke, yanzu fansho yake ci. Ya yaba, sannan ya ce ai sai in yi murna biyu. Wai shagunan da gwamnati ta gina wa matasa masu sana'a kusa da tashar mota, an ba Amarya ɗaya. Mai koya mata ce ta tsaya mata. Akwai wuta, akwai injuna biyu na goge tafi da katako, na kowa da kowa, ba haya sai an shekara. Amma in ba ta karɓi makulli zuwa ƙarshen wata ba, a ba wani.

Ashe kowa a gida ya sani sai ni.

Na ce wa Akawu guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ni da sifana da famfo na fara a gindin bishiya, ko allura ba wanda ya ba ni, kuma da su na ciyar da gida. Yau su ba ka makulli, gobe su kira ka ka tsaya a rana kana yi musu tafi. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski. Akawu ya ce na tsufa da taurin kai. Shi da bai taɓa cin ƙwandalar da ba ta bi ta ofis ba.

Alhamis, 9 ga Mayu

Na kira Amarya. Na ce ga tsohuwar rumfata a bakin tsohuwar hanya, da bencina, na ba ta halak malak. Ta tsaya da ƙafarta, kada kowa ya yi mata gori wata rana. Ta daɗe tana kallon takalmin da ke ƙafata. Ta ce, "To, Ango. Yadda ka ce."

Uwarta kuwa tukwane sun ji a jikinsu.

Litinin, 13 ga Mayu

Mun share rumfa, mun buɗe. Ta jera kayanta a inda nake jera sifanu. Da na ga jinina a kan bencin nan sai da na juya baya na goge ido. Na ce mata hayaƙi ne.

Juma'a, 17 ga Mayu

Wanda ya tsaya yau hanya yake tambaya.

Laraba, 22 ga Mayu

Tun da aka buɗe sabon titi hanyar nan ta mutu. Na sani. Amma a kaina har yanzu kekuna ne jere har bakin kwata.

Surutuna dai ya yi rana. Wata mata ta ji ina cika baki a kan takalmin, ta kawo 'yarta mai irin ƙafata, tata ta haihuwa ce. Yarinyar ta daina zuwa makaranta saboda dariyar yara. Amarya ta durƙusa ta zana ƙafar a kwali, tana ba ta labari har ta yi murmushi. Uwar ta tambayi yaushe. Amarya ta ce sai an yi haƙuri, sassaƙa katakon da goge tafin da hannu yana cin lokaci.

Bayan sun tafi na ga babban yatsanta naɗe da tsumma. Sanfefar goge katako ta cinye fatar. Da ta ga ina kallo sai ta sa hannun a ƙarƙashin mayafi. Nawa takalmin ma ashe haka aka yi shi. Ban tambaya ba a lokacin, ina can ina zagaya tsakar gida.

Lahadi, 26 ga Mayu

Mun yi ta da Akawu.

Ya nuna aljihuna ya ce, "Wannan littafin da kake yawo da shi, wa ya koya maka abin da kake zubawa a ciki?" Na ce makarantar yamma, ina da furfura a gemu, kowa ya sani. Ya ce, "Nawa ka biya?" Ya san ko sisi ban biya ba. Ya ce alli fa, da allo, da albashin malamar, daga sama suka faɗo?

Na ce ni na kai kaina, da gurguwar ƙafa, bayan na wuni ina fama da sarƙar keke, hannu duk baƙin mai. Ba gwamnatin da ta goya ni. Ya ce, "To ita ma ba gwamnati ce za ta riƙe mata basilla ba."

Na ce rabin shagunan nan 'ya'yan masu hanya za a ba, su garƙame da kwaɗo. Ya ce gaskiya ne. "Sai ka bar musu nata ma, su ƙara kwaɗo ɗaya."

Na taso ko sallama ban yi ba.

Talata, 28 ga Mayu

Hanya ce ta bi da ni ta tashar mota. Ba zuwa na yi ba.

Yadda na faɗa: wasu shagunan a kulle, yanar gizo ta rufe kwaɗon. Injin ma ɗaya ya riga ya lalace, ba wanda ya zo gyara. Na ji daɗi, na ce sai na gaya wa Akawu. Amma ɗayan yana aiki, na ga an kara masa tafin takalmi, kafin in gyara tsayuwa ya yi sumul. Ga mutane kamar tururuwa.

Na zauna ina kallon ƙafafu. Ban taɓa lura ba, masu ɗingishi suna da yawa a duniya. Duk da silifa yankakke.

Alhamis, 30 ga Mayu

Gobe wata zai ƙare.

Na ce wa Amarya rumfar nan ina bukatarta, zan ajiye tarkace, ta nemi wani wuri. Ta ce, "Wane tarkacen, Ango?" Na ce nawa. Ta dube ni, ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka. Na ce ta yi sammako ta karɓo makullin shago, ma'aikata ba sa jira.

Tsohuwa ta ce, "Da ka faɗa kai tsaye bakinka zai tsage?" Ban kula ta ba.

Asabar, 8 ga Yuni

Yau yarinyar nan mai irin ƙafata ta karɓi takalminta a sabon shago. Ta taka a hankali zuwa bakin ƙofa, ta dawo da gudu. Wasu mutum biyu da suka gani sun taka kwali kafin azahar. Tsumman yatsan Amarya ya fita.

Ra'ayina yana nan. Na gaya wa Akawu: bango nasu ne, amma bencin nawa ne, hannun kuma nata. Rumfa ban sayar ba. Ran da suka kira ta ta yi musu tafi a rana, ta ɗauki bencinta ta dawo. Ya ce ya ji.

Allon sama da ƙofa ni na rubuta, da farin fenti. Layi ya tafi sambal, kamar yadda malamarmu take so. Akawu ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, ya ce wannan rubutu ya yi kyau, wa ya yi? Na ce ni. Ya ce a ina na koya?

Na ce rana ta yi zafi, ya tashi mu tafi.