Kwalaben Jam a Bayan Takalman Babanki

Uwata,

Sallama da fatan alheri. Ya jego, ya ƙawata jaririya, tana barin ki barci kuwa? Ya maigidanki da aiki? Mu nan lafiya lau, in ban da cikin babanki da ya koma halinsa na ɗaurewa.

Na ga saƙonki, wai hutun haihuwa zai ƙare ƙarshen wata, za ki riƙa kawo min ƙawata da safe ki ɗauke ta da yamma. Wallahi har 'yar rawa na taka a kicin. Zanin goyon da na goya ki da shi ma na ciro na wanke.

Yau jam na yi wa babanki, na busasshen fulam ɗin nan baƙi mai kama da dabino da likita ya ce ya riƙa ci. Kin san shi, in ba a shafa masa a burodi ba sai ya ce magani ake ɗura masa. Ki riƙe yadda ake yi tunda ke ma yanzu uwa ce. Ki jiƙa shi a ruwan ɗumi ya kumbura, ki cire ƙwallayen ki ƙirga su a faranti, in fulam arba'in ne to ƙwallo arba'in. Tun ranar da kika kusa shaƙewa da ɗaya kina 'yar shekara uku ban sake yi babu ƙirga ba. Sai sukari kofi ɗaya, lemon tsami, wuta kaɗan kaɗan kina juyawa. Ki ɗiga a faranti mai sanyi ki tura da yatsa, in ya yamutse ya yi.

Abin dariya, ni mai koyarwar yau tukunyata ta kama. Na fita kwaso shanya, sai ga ni zaune a falo ina ninke kaya hankalina kwance. Babanki ne da ya dawo daga shago cin abincin rana ya kashe gas. Ya ce ba komai, tsufa ne ke min sallama. Amma ya daɗe yana kallona.

Ki shafa min kan ƙawata.
Ummanki

Uwata,

Ina gaisuwa. Ya jikin naki, ya 'yar mutuniyata? Allah ya raya mana ita.

Zan faɗa miki wani abu amma kar ki gaya wa babanki. Jiya na ɗora jam, ina tsaye da cokali a hannu, sai na rasa ko na zuba sukari ko ban zuba ba. Na ƙara. Da na ɗanɗana zaƙi kamar zai cire min haƙori. Na koma kan ƙwallaye, na ƙirga na samu talatin da takwas, to amma fulam nawa na jiƙa? Wallahi babu shi a kaina, kamar an share da tsumma. Haka na zauna na tace tukunya guda da rariya ina lalube da yatsa.

Kuma matar tela ta gidan sama ta tare ni a matakala tana ta godiya, wai jam ɗin da na kai mata ranar Talata yara sun lashe har kwalbar. Na yi dariya na ce ba komai. Uwata, ni ban san na hau gidanta ba.

Kin tuna Inna, wadda kika ci sunanta? Kina ƙarama lokacin. Ita ma da gishiri ta fara, ta zuba sau biyu muna mata tsiya. Ƙarshe ni da ta haifa take tambaya ko 'yar gidan wa ce. Ba na son tunawa. Wataƙila dai gajiya ce, ko wannan maganin hawan jinin. Ki taya ni addu'a. Ƙarshen wata ina nan ina jiran ku.

Ummanki

Uwata,

Da fatan kun tashi lafiya ke da ƙawata da babanta. Ki zauna kafin ki karanta, ki ajiye ta tukuna.

Yau da hantsi ina share ɗaki na ja takalman babanki a ƙasan kabad, tsintsiya ta bugi gilashi. Na durƙusa na leƙa. Kwalaben jam ne jere, an rufa musu tsohon tawul. Goma sha huɗu. Kowace da 'yar takardar da nake mannawa, da rubutuna, wannan karkataccen da kike min dariya. Litinin, Laraba, Alhamis, wata Litinin ɗin. Ni a sanina sau biyu na yi jam a watan nan.

Na kwaso su na jera a kan tebur na zauna ina kallo har ya dawo. Da ya gani ko takalmi bai cire ba, ya zauna a ƙasa. Na ce, "Malam, tun yaushe?" Ya ce tun wata biyu. In na cika kwalabe na shiga wanka sai ya kwashe ya ɓoye, don kar in buɗe kabad ɗin kicin in ga yawansu in tsorata. Fulam ɗin ma in ya ƙare shi ke sayo wani ya ajiye a inda na saba. Dawowar da yake yi da rana ba yunwa ba ce, gas yake zuwa dubawa. Shekara talatin da biyar muna tare ban taɓa ganin hawayensa ba sai yau.

Uwata, na so in yi shiru. Na ce a raina jaririya ai ba tukunya ba ce, wace kaka ce za ta manta jikarta. Sai na tuna yadda na zauna ina ninke kaya hayaƙi na cika kicin, raina fes. In na ɗora ruwan wankanta fa? In na kwantar da ita bakin gado na fita shanya?

Kar ki kawo min ita ki tafi. Ko na kira ki gobe na ce na warke, ko na yi fushi, ko na ce ban taɓa rubuta wannan ba, kar ki yarda, ki buɗe ki karanta min. Ki nemi mai raino tun yanzu, ƙanwar mijinki ma tana da hankali.

Ranar Asabar ki zo ki raka mu asibiti, babanki in likita na magana rabi yake ji. Ki zo da ƙawata in goya ta da zanin nan kina kusa kina kallo. Fulam ya rage leda ɗaya, za mu yi tare, ni in juya ke ki ƙirga ƙwallayen.

Ki gaida maigidanki. Ki yafe min.
Ummanki, da ta san ki yau sarai