An Sauke Shi a Abijan

Gwallaga, Bauchi
6 ga Maris, 1991

Zuwa ga Yaya Sauda,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Ya jikin Maimuna? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, hankalina a tashe yake. Shekaranjiya takarda ta zo daga kamfanin jirgin ruwan da maigidana Sabitu ke yi wa aiki a Legas. Layi biyu ne kawai da Turanci. Na gane sunansa, na gane Abijan, amma kalmar da ke tsakani ta gagare ni: disembarked.

Na kai wa maƙwabciyata Comfort, mai koyar da Turanci a sakandare. Ta ce ma'anarta sauka daga jirgin ruwa. Har ƙamus ta buɗe, ta nuna mini cewa daga Faransanci aka aro ta: bark ƙaramin jirgi ne, embark shiga cikinsa, dis kuma shi ke warware shigar. Na fara jin sanyi a raina, sai ta sake duba takardar. Ta ce ba a rubuta ya sauka ba, an rubuta an sauke shi. Na tambaye ta ko ana faɗin haka a kan mai rai. Ta ce ana faɗi, ana kuma faɗi a kan kaya.

Sai bayan Babbar Sallah tafiyarsu za ta ƙare. Me zai sa a sauke mutum a ƙasar da bai san kowa ba? Na ɓoye wa Inna, mahaifiyarsa, saboda hawan jininta, kullum sai na yi mata ƙarya. Ko sallama aka yi a zaure sai in ɗauka masu ta'aziyya ne.

Baffa Babayo ya hau motar Legas yau da safe don ya bincika a kamfanin. Ki taya ni da addu'a.

Ƙanwarki,
Habibatu

20 ga Maris, 1991

Yaya Sauda,

Ina gaishe ki. Ya azumi, ya mutanen gida?

Yana da rai, alhamdu lillahi. Baffa ya dawo jiya. Injin jan igiya ne ya kama wa Sabitu hannun dama, aka sauke shi a kwance zuwa asibiti. An yanke shi daga wuyan hannu.

Ya aiko mini da wasiƙa, rubutun wani ne. Ya ce jirgin ƙasan Alhamis ta sama zai kawo shi, kuma idan na san ba zan iya ganinsa haka ba, kada in je tasha.

Zan je. Amma Sabitu mutum ne mai karanta fuska, ni kuwa ban san abin da tawa za ta yi ba idan na gan shi. Don Allah ki roƙi Malam ya bar ki ki zo, ki tsaya kusa da ni.

Taki har kullum,
Habibatu