Taku Ɗari Uku da Arba'in Zuwa Shagon Baffa

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyu. Allah ya ƙara miki lafiya, ya ɗan rage miki faɗa. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Umma ta yi sauƙi har ta koma bina da tsintsiya. Baba yana shan maganinsa a kan lokaci, sai dai gishirin da likita ya hana shi ne muke ta ɓoyewa yana tonowa.

Maganar agogon nan mai ƙirga taku da kika aiko wa Baba ce ta zaunar da ni rubutu. Umma ta ce kin kira, kin ce mutumin da ko shagon bakin layi sai ya yi aike ba zai yi taku dubu shida kullum ba, wai ni nake ɗaurawa in tafi ƙwallo. Na san na ɓata sunana. Ranar da na ɗaura shi a jikin fanka ban musa ba. Amma wannan karon babu hannuna, shi ya sa ni ma abin ya tsaya min a rai. Baba ba ya saka shi da safe, wai yana hana ruwan alwala taɓa fata. Sai bayan la'asar yake ɗaurawa, ya shafa turare, ya ɗauko hular da ba ya sawa sai in za shi cikin mutane, ya ce za shi motsa jini. Ni ban taɓa ganin inda ake shafa wa motsa jini turare ba. Da na tambaye shi ina yake zagayawa, cewa ya yi in je in tambayi agogon, tunda shi ne ɗan rahoton 'yarsa.

Ranar Talata na bi shi daga nesa. Bai shiga filin da sauran tsofaffi ke zagaye ba. Ya wuce tasha, ya haye gada, ya kutsa layin masu katako. Gabana ya faɗi, don kin san shagon wa ke ƙarshen layin: Baffa Kafinta, ƙaninsa, wanda shekara bakwai ke nan ba su gaisa ba, tun maganganun da suka gaya wa juna a bakin asibiti ranar da Kaka ta rasu. Daidai rumfar mai faci agogon ya yi rawar nan tasa ta cewa taku dubu ukun da kika ɗora masa sun cika. Baba ya tsaya cak, ya duba hannunsa, ya daɗe yana kallon ƙofar shagon, sannan ya juyo gida. Dubu uku zuwa, dubu uku dawowa, ga dubu shidan da kike gani. Laraba haka, Alhamis haka. Mai facin ya ce min ya fi wata guda yana ganin tsohon, har ya fara zargin rumfarsa ake wa leƙen asiri. Ya ce Baffa ma yana sane. Da lokacin ya yi sai ya ajiye zarto, ya fito da kujera biyu, ya zauna a ɗaya, ya juya wa titi baya.

Ni ban yarda agogo ne ke juyo da shi ba, Yaya. Abin fakewa ya samu. In ya dawo sai ya miƙa wa Umma hannu ya ce ya cika umarnin likita, ko taku ɗaya ba zai ƙara ba. Kin san halinsa. Ba zai taɓa cewa ya je wajen ƙaninsa ba, amma zai iya cewa tafiya ce ta kai shi. Ga shi lokaci ya ƙure. Idon Baffa ya yi rauni, ƙarshen wata zai rufe shagon, babban ɗansa zai tafi da shi can inda yake aiki. Yau saura kwana goma sha ɗaya.

Jiya na ari carbin Umma na je na ƙirga da ƙafata, ina taƙaita taku irin na Baba, har da ɗingishin, mai faci yana ta dariya. Daga rumfarsa zuwa kujerun, ɗari uku da arba'in. Sau uku na maimaita. Ke kika kulle wurin canza lissafin da lambar sirri saboda ni, kuma ban ce ki ba ni ba, na san ko kuka na yi ba za ki bayar ba. Ki ƙara ɗari uku da arba'in ɗin a kan dubu ukun da kanki, daga wayarki. Kada ki yi zuciyar nan taki ki ƙara dubu, zai gane. Kada kuma ki kira shi ki yi masa nasiha, don in ya san an gan shi, cire agogon zai yi ya wurga cikin durowa, turaren ma ya daina. Na san kina karantawa kina neman inda na ɓoye tsiyar. Ki tambayi Umma, jiya na gaya mata, ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Ni dai so nake abin nan ya yi rawarsa Baba yana tsaye a gaban kujerar, sauran kuma nasu ne.

Ki gaishe min da maigidanki, ki ja min kunnen 'yan biyu. Umma da Goggo suna gaishe ki. Baba bai san na rubuto ba, don haka babu gaisuwarsa a ciki.

Ƙaninki,
Auta