Sunan da ke Jikin Buhunanmu

Laraba da dare, Funtua

Tun la'asar gabana yake faɗuwa.

Da ƙungiyarmu ta masu sayar da irin masara ta ce in samo mata adireshin shafin intanet, tsoho na nema, wanda masu shi suka saki, don an fi saurin ganinsa a bincike. Manhajar da na yi binciken da ita tana tace sunaye ta hanya uku: ƙarfin suna, haɗarin zamba, da shafukan da ke turo mutane wajensa. Ni kuwa don gaggawa na farkon kaɗai na duba. Na ga makinsa ya yi sama, na saya. Ni da ko akuya ba na saye a kasuwar Bakori sai na ji daga gidan da ta fito.

Sai yau na buɗe sauran biyun. Kusan duk shafukan da ke ambatonmu na gargaɗi ne. Ashe da sunan nan aka yi ta yaudarar manoma da tallafin taki na ƙarya.

Na kira shugabanmu, Alhaji Sani, na ce a dakata. Ya ce, "Malam, wace dakatawa kuma? An buga sunan a jikin buhuna, mota ma ta sauke a Malumfashi tun safe."

Na kasa gaya masa dalili.

Bayan magariba saƙon farko ya shigo shafin. Babu zagi a ciki. Wani ne ya rubuta: "Ashe kun dawo. Na ga buhunku, kuma na gane shagon."

Gobe ni ne da zaman shago.