Randar Sobiyar da Ta Zama Giya

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Tabawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda 'ya ke durƙusawa ta yi wa uwa, ina fatan makwancinki ya yi miki sanyi da yalwa. Ni ce Rabi. Wata uku ke nan da muka rabu, kuma akwai maganar da nake so ki ji daga bakina, domin mutanen unguwarmu Mahjar sun gama yawo da ita, kowa da gishirin da ya ƙara.

Inna, na yi giya. A ɗakinki, cikin randarki. Ban musa wa kowa ba, ke ma ba zan musa miki ba.

Shekara da shekaru kina sayar da sobiya, abin shan nan na sha'ir, a Bab Makka nan Jidda duk azumi, amma ko sau ɗaya ba ki bari na sa hannu a randar nan ba. Nawa wanke kofuna da ɗauko ƙanƙara. In na leƙo sai ki ce, "Matsa, Rabi, numfashinki ma ɓata ta yake yi." Kullum cewa kike baɗi za ki koya mini. Sai kika tafi a Rajab.

Da Sha'aban ya raba, mutane suka fara tare ni a hanya suna tambaya ko bana wurinki zai zauna babu kowa. Na ce ba zai zauna ba. Na sayo sha'ir da zabibi, na tara busasshen burodi, na zauna ina tuno hannuwanki. Na tuna na taɓa ganinki kin jiƙa hatsi kin lulluɓe da buhu har ya yi tsiro, sai ni ma na yi haka. Na shanya tsiron a kan rufi, na niƙa, na dama, na tace da farin mayafinki, na zuba sukari da kirfa, na rufe bakin randar da faifai na ɗaure.

Rana ta biyu na ɗanɗana, zaƙi kawai, babu ɗan tsamin nan naki mai kama gefen harshe. Na mayar na rufe. Na ce bari in ƙara mata kwana biyu ta nuna sosai. Kin san zafin Jidda a wannan lokaci, ko bango gumi yake yi.

Rana ta huɗu da hantsi na dawo daga ɗibar ruwa na tarar faifan ya ɗaga, kumfa na gangarowa ta jikin randar, ciki kuwa sai tsuwa take kamar mai rai. Wari ya cika ɗakin, ya fita lungu. Na tsoma yatsa na kai baki. Ban taɓa shan giya ba, amma ban nemi wanda zai faɗa mini sunan abin ba.

Ina tsaye a wurin Baffa Idi ya shigo babu sallama, maƙwabta biyu a bayansa. Ƙanin mahaifina ne, shi ne kafilina tun rasuwar Baba, iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar nan, tana aljihunsa, don haka na sunkuyar da kai na shirya shan faɗa. Da ni ya zaga da na haɗiye. Amma ke ya taɓa. Ya ce, "Halas, shi ke nan, abin ya fito fili. Uwarki 'yar Maguzawa ce, kakarki da dafa burkutu ta tsufa. Dama mun san abin da ake sayarwa a Bab Makka."

Inna, ke da kika tako daga ƙasar Katsina da ƙafa, kika yi shekara shida a hanya, kika binne ɗa a Sudan don ki ga Ɗakin Allah. Shi kuwa a jirgin ruwa aka kawo shi yana amai. Shekara ashirin yana buɗe baki da sobiyarki, kofi biyu biyu, bai taɓa jin warin komai ba sai da kika mutu.

Na ɗago kai. Na ce masa wannan randar aikina ce ni kaɗai, jahilcina ne, kada ya ƙara sa sunanki a ciki. Na ce gaskiya ne kakata mai burkutu ce, sunanta Dije, ke kika faɗa mini, kuma da kuɗin tukunyarta aka yi miki guzurin hanya. Ban san muryata tana kai haka ba. Ya ɗaga sanda zai fasa randar, na shiga tsakani. Na ce randar uwata ce, abin ciki ne haram, ba yumɓun ba.

Ni da kaina na mirgino ta ƙofar gida, rana tsaka, mata sun yi cirko-cirko. Na tuntsurar da ita a kwata har giyar ta ƙare. Na wanke ta da toka da ruwan zafi sau bakwai, na kife ta a rana inda kowa zai gani. Na yi istigfari, tsakanina da Ubangijina. Baffa Idi ban ba shi haƙuri ba, har yau ban ba shi ba.

Ya ba ni zaɓi: ko in rantse ba zan ƙara jiƙa ko ƙwayar hatsi ba, in koma gidansa da zama, ko ya zare sunansa daga takarduna. Kin san ma'anar wannan. A Jidda kika haife ni, ban san kowace ƙasa ba sai ita, amma rana ɗaya ta isa a ɗora ni a jirgi zuwa garin da ban san kowa ba. Na ji tsoro, Inna. Duk da haka na ce ya zare.

Washegari na tafi unguwar Bani Malik wurin Hajiya Sakina, Bahaushiyar Sudan ɗin nan da kuka yi shekaru kuna gasar masu saye, ba kwa ko gaisawa sosai. Na zayyana mata yadda na yi. Ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Tsiro ai na kunun zaƙi ne, 'yar nan! Kin haɗa tsiro da zabibi da sukari, kin toshe kwana huɗu a wannan zafi, me kike so ya zama, madara?" Sannan ta goge ido ta ce sobiyarki ta fi tata, ta daɗe da sani. Ta koya mini: sha'ir ba tsiro, rufi da ƙyalle mai shan iska, kwana ɗaya in ana zafi, a sa ƙanƙara da wuri.

Randa ta biyu a tsakar gida na haɗa ta, ƙofa a wangale. Da ta nuna na je da ƙafata na kira umda, mai unguwarmu, tunda na ji Baffa ya riga ni zuwa wurinsa. Ya shinshina, ya kurɓa, ya shanye kofin. Ya tambaye ni ta farkon fa, na ce giya ce, na zubar. Ya ce in kiyaye gaba. Baffa ya cika maganarsa, ya aiko mini da takarduna cikin tsumma. Mijin Hajiya Sakina mai shagon yadi ya ce zai tsaya mini a matsayin kafili bayan Sallah. Ko zai yiwu ko ba zai yiwu ba, Allah ne masani.

Tun ɗaya ga azumi nake zaune a wurinki, gindin bangon nan. Wasu sun ƙaurace. Wasu kan rage murya su tambaya, ke ce wadda aka ce? In ce ni ce, jar sobiya kuke so ko fara?

Jiya da aka kira magariba Malam Buba ɗan dako ya zo, tsohon nan da ba ya buɗe baki sai a wurinki. Ya karɓi kofi, ya sha a hankali, ya miƙo mini. Ya ce, "Ba ta kai ta Tabawa ba." Sai ya juya fuska yana share ido da hularsa. Ni ma na kasa tsaida hawayena, ga mutane a layi. Da ya gama ya ce in ƙara masa rabin kofi.

Ya Allah, Ka jiƙan Tabawa 'yar Dije. Ka karɓi tafiyar da ta yi zuwa Ɗakinka, Ka shayar da ita daga tafkin Manzonka kamar yadda ta shayar da masu azumi. Ni kuma Ka yafe mini kuskurena, Ka tsayar da ƙafata a inda ta tsaya. Amin.

Ki huta lafiya, Innata.

'Yarki mai taurin kai,
Rabi
Mahjar, Jidda, goman ƙarshe na azumi