Bayanin da Shugabata Ta Rubuta

Baba,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar Umma? Ni lafiya lau, ɗakin ne dai ya cika shiru.

Albishirinka! Aikina duba bayanan da ke nuna wa manhajar AI kayan aikin da za ta ɗauka. Na tarar da kayan aiki biyu masu bayani iri ɗaya, alhali ɗaya ɗage ranar ganin likita yake yi, ɗaya soke ta. Na jarraba sau arba'in, manhajar ta soke tara bisa kuskure. Shugabata ce ta rubuta bayanan, ni kuma ina watan gwaji, sai da na yi kwana biyu kafin na iya faɗa mata. Ta ce in gyara. Jiya duka arba'in suka fita daidai, shugabar ta ce an riƙe ni a aikin.

A sa mini albarka.

Autarka